Tambayoyi da Amsoshi Kan Ciyar da Ƙananan Shanu Busasshiyar Alfalfa Domin Ƙarin Furotin

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kiwo suka fi yawan yi idan suka yi niyyar ƙara wa maruƙa da sauran shanu masu tasowa busasshiyar alfalfa a kan abincinsu na yau da kullum. Alƙaluman da aka kawo na matsakaicin hali ne, domin ingancin alfalfa yakan bambanta daga gona zuwa gona, har ma daga wannan yanka zuwa na gaba a gona ɗaya.

Mece ce alfalfa, kuma me ya sa ake lissafa ta a cikin abincin ƙarin furotin?

Alfalfa shuka ce daga dangin wake, mai ƙananan ganye uku-uku da fure mai ruwan shunayya, wadda masana tsirrai suke kira Medicago sativa. Asalinta daga yankin Iran da kewayensa ne, kuma an shafe dubban shekaru ana noma ta domin abincin dabbobi. A Birtaniya da Ostareliya da Afirka ta Kudu an fi saninta da sunan lucerne. Takan yi shekaru da dama a gona ba tare da an sake shuka ba, saiwarta tana nitsewa ƙasa da zurfi ƙwarai, kuma idan aka yanke ta takan sake tofowa ta isa wani yankan cikin kimanin wata guda muddin akwai ruwa da ɗumi.

Sirrin furotin ɗinta yana a saiwa. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da suke zama a cikin ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, suna ɗauko naitirojin daga iska suna mayar da shi yadda shukar za ta iya amfani da shi, ita kuma ta gina furotin da shi ta tara a ganyenta. Ciyawa ta yau da kullum ba ta da wannan baiwa, shi ya sa idan ta tsufa ta bushe furotin ɗinta yakan yi ƙasa sosai, alhali ita alfalfa ko da an busar da ita tana riƙe da rabo mai tsoka.

Furotin nawa ne a cikinta?

Busasshiyar alfalfa takan ƙunshi furotin tsakanin kashi 15 zuwa 22 cikin 100 na busasshen nauyinta, wato nauyinta bayan an cire danshi. Wadda aka yanka tana gab da fure, ko kuma furen ya fara buɗewa kaɗan, ita ce take kaiwa kashi 20 ko fiye, wadda kuwa aka bari sai da fure ya rufe gona takan sauko zuwa wajen kashi 15 ko 16, karanta ya yi kauri, ganyenta ya ragu. Idan aka dubi tsohuwar ciyawar da ta bushe, da ƙyar take wuce kashi 6 zuwa 8, karan hatsi da na shinkafa da na alkama kuwa sukan tsaya ne tsakanin kashi 3 zuwa 5.

Abin da ya kamata mai kiwo ya riƙe shi ne, furotin ɗin ba a watse yake daidai-wa-daida a jikin shukar ba. Kusan kashi biyu cikin uku nasa yana cikin ganye, kuma ganyen ya ninka kara furotin sau biyu ko fiye. Saboda haka dami biyu masu nauyi ɗaya za su iya shan bamban ƙwarai: wanda ganyensa ya kakkaɓe wajen tarawa da lodi da saukewa ya zama kusan kara zalla, ko da kuwa sunansa alfalfa.

Me ya sa ake damuwa da furotin a abincin ƙananan shanu fiye da na manya?

Saniyar da ta gama girma tana cin abinci ne domin ta riƙe jikinta, ta ɗauki ciki, ta ba da nono. Maraƙi kuwa yana gina tsoka da ƙashi da kayan ciki ne daga tushe, ga shi cikinsa ƙarami ne, ba ya iya cin abinci mai yawa domin ya cike gurbin rashin ingancinsa. Maraƙin da aka yaye ba da daɗewa ba yakan buƙaci abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 13 zuwa 14, sannan buƙatar ta riƙa raguwa zuwa wajen kashi 11 ko 12 yayin da ya doshi shekara guda, gwargwadon saurin girman da ake nema daga gare shi.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ba kowa yake lura da shi ba. Sa ba shi ne yake narkar da ciyawa da kansa ba, ƙananan halittun da ke cikin tumbinsa ne suke yi masa wannan aiki, kuma su ma suna buƙatar naitirojin kafin su hayayyafa. Idan furotin ɗin abinci ya yi ƙasa da kimanin kashi 7, sai waɗannan halittu su raunana, ciyawa ta daɗe a tumbi ba ta narke ba, dabbar ta ji cikinta a cike ta rage ci. Da haka za ka ga ɗan maraƙi yana tsaye gaban tulin ciyawa, cikinsa ya yi tulu, amma haƙarƙarinsa a waje, gashinsa ya yi burtsa-burtsa. Idan aka ƙara masa alfalfa daidai gwargwado, halittun tumbin sukan farfaɗo, narkewar ciyawar ta yi sauri, sai ya ƙara yawan abin da yake ci daga ita kanta ciyawar da a da yake juya wa baya. A ganina wannan shi ne mafi girman amfanin alfalfa ga mai kiwon da yake da ciyawa mai yawa amma marar ƙarfi, domin tana sa abincin da yake da shi a hannu ya yi aiki.

To, nawa za a riƙa ba kowane maraƙi a rana?

Babu adadi ɗaya da ya dace da kowa, amma lissafin ba shi da wuya, kuma ya fi ƙiyasi da ido. Ana buƙatar sanin abu uku: nauyin dabbar, furotin ɗin ciyawar da take ci, da furotin ɗin alfalfar. Shanu masu tasowa sukan ci busasshen abinci da ya kai kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na nauyin jikinsu a kowace rana.

A ɗauki misalin maraƙi mai nauyin kilo 200. Zai ci kimanin kilo 5.5 na busasshen abinci a rana. Idan ana son abincin ya kai kashi 12 na furotin, ke nan yana buƙatar giram 660. A ce ciyawar da ake da ita tana da kashi 7, alfalfar kuma tana da kashi 18. Idan ya ci ciyawa zalla, giram 385 kaɗai zai samu, wato ya rasa kusan rabin buƙatarsa, kuma da wuya ma ya iya cinye kilo 5.5 ɗin. Idan kuwa aka ba shi kilo 2.5 na alfalfa, za ta kawo giram 450, sauran kilo 3 na ciyawa su kawo giram 210, jimilla giram 660 cif. Da yake busasshiyar alfalfa ba ta rasa ɗan danshi na wajen kashi 10 zuwa 12, abin da za a ɗora a sikeli zai kai kimanin kilo 2.8.

Da ciyawar ta fi haka inganci, misali ta kai kashi 10, kilo ɗaya da rabi na alfalfa ya wadatar. Da kuwa karan hatsi ne tushen abincin, sai alfalfar ta haura rabin abin da zai ci, kuma a nan matsalar za ta koma ta ƙarancin kuzari, domin kara ba ya ba maraƙi ƙarfin da zai yi girma da shi. Shawarar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce a auna. Ido yana yaudara ƙwarai wajen busasshen ganye: rungume guda yana iya zama kilo ɗaya, yana iya zama uku, ya danganta da yadda aka matse damin.

Daga wane lokaci za a fara ba maraƙi?

Jaririn maraƙi ba mai tuƙa ba ne tukuna. A makonnin farko nono yana wuce tumbi ne kai tsaye zuwa sashe na huɗu na cikinsa, tumbin kuwa ƙarami ne, bai fara aiki ba. Abin da ya fi gina bangon tumbi a wannan lokaci shi ne abinci mai hatsi da aka haɗa musamman domin maruƙa, wanda furotin ɗinsa yakan kai kashi 18 zuwa 20, tare da ruwa mai tsabta. Ana iya ajiye masa ɗan alfalfa mai laushi mai ganye ya riƙa taɓawa tun yana ɗan makonni, amma kaɗan, domin idan ya cika cikinsa da ita zai rage cin abincin hatsin da ya fi buƙata.

Lokacin da alfalfa take fara yin aikinta na ƙarin furotin sosai shi ne bayan yaye, sa'ad da maraƙi ya kama tuƙa da kyau. Ga waɗanda ake shayarwa da hannu a gonakin madara, hakan yakan kama daga wata 2 zuwa 3. Ga waɗanda suke bin iyayensu har wata 6 zuwa 8, yana da kyau a koya musu cinta mako biyu ko uku kafin a raba su da iyayen, domin damuwar yaye takan sa maraƙi ya ƙi abincin da bai saba da shi ba.

Shin dole ne a ba su kullum, ko ana iya tsallake rana?

Manyan shanu suna jure wa a ba su ƙarin furotin sau uku a mako, a haɗa rabon kwana biyu a ba su lokaci guda, saboda jikinsu yana mayar da rarar naitirojin zuwa tumbi ta hanyar yawu da jini, ya ci gaba da amfani da shi a ranar da ba a ba su ba. Ga ƙananan shanu na fi son a ba su kullum. Rabon kwana biyu na alfalfa yana da yawa ga ƙaramin tumbi, yana hana shi cin ciyawa a wannan rana, kuma cin alfalfa mai yawa a zama ɗaya da yunwa shi ne babbar ƙofar kumburin ciki.

Me zai hana a ciyar da su alfalfa zalla tunda ta fi ciyawa kyau?

Ana iya yi, kuma za su yi girma, amma asarar kuɗi ce. Furotin ɗin da ya haura buƙatar dabba ba ya taruwa ya zama tsoka, hanta ce take mayar da shi yuriya ya fita ta fitsari, shi ya sa garken da ake ciyarwa haka yakan riƙa zarni mai hawa ido. Sannan alfalfa ba ta kai hatsi kuzari ba, abin da yake narkewa a cikinta yakan tsaya ne tsakanin kashi 55 zuwa 60 da 'yan kai, don haka wanda yake neman saurin ƙiba ba zai same shi daga gare ta ita kaɗai ba. Wani abin kuma, mafi yawan furotin ɗinta, wajen kashi uku cikin huɗu, yana narkewa ne tun a tumbi da sauri, kuma idan babu isasshen kuzari a abincin da halittun tumbi za su kama shi da shi, sai ya tafi a banza.

Gaskiya ne alfalfa tana kashe shanu da kumburin ciki?

Gaskiya ne, kuma ba batun da za a yi wa riƙon sakainar kashi ba ne, sai dai haɗarin ya fi yawa ga ɗanyar alfalfa mai ƙuruciya da ake kiwo a kanta a gona, musamman idan akwai raɓa. Busarwa tana rage haɗarin sosai amma ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Alfalfa mai ganye da yawa, mai laushin kara, ita ce mafi inganci, kuma ita ce mafi hatsari, balle idan aka haɗa ta da niƙaƙƙen hatsi mai yawa.

Yadda abin yake faruwa shi ne, furotin ɗin ganyen yana narkewa da sauri ya haifar da kumfa mai yauƙi a cikin tumbi. Iskar da narkewar abinci take fitarwa, wadda a ka'ida dabba take gyatsawa ta fita, sai ta maƙale a cikin kumfar. Tumbi ya yi ta cika har ya danne huhu da manyan jijiyoyin jini. Alamar farko ita ce kwiɓin hagu, wannan ɗan ramin da ke tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin ƙugu, ya cike ya taso, idan ka buga shi da yatsa ka ji shi tantsan. Daga nan dabbar ta daina tuƙa, ta riƙa tashi tana kwanciya, tana harbin cikinta, tana yawan fitsari da kashi kaɗan-kaɗan, sannan ta miƙe wuya ta buɗe baki tana haki, harshe a waje. Idan ta kai ga faɗuwa, abin da ya rage mata mintoci ne.

Rigakafin yana hannun mai ciyarwa. A shigo da alfalfa sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, a fara da kashi ɗaya cikin huɗu na rabon da ake nufi ana ƙarawa. Kada a zuba ta gaban maruƙan da suka kwana da yunwa, a bari su fara cin ciyawa tukuna. A tsayar da lokacin ciyarwa kada ya riƙa sauyawa. A lura da ɗurɓushin ganyen da yake taruwa a ƙasan kwami, domin maraƙi mai zalama yakan jira a watse ya share shi shi kaɗai. Akwai magunguna irin su poloxalene, wanda yake karya kumfa, da monensin, wanda yake rage yawan aukuwar kumburin, amma a nemi shawarar likitan dabbobi kafin a yi amfani da su, kuma a sani cewa monensin guba ne mai kisa ga dawakai. Idan kumburin ya riga ya auku, a kira likita nan take, a tayar da dabbar tsaye ta riƙa tafiya a hankali. Akan ɗura man girki ko maganin karya kumfa ta hanyar tiyo zuwa tumbi, amma ɗura wa dabbar da take haki ta baki kai tsaye yana iya kai man cikin huhu. Huda kwiɓi kuwa matakin ƙarshe ne, na wanda ya ƙware.

Wasu maruƙan suna da saurin kumburi fiye da 'yan'uwansu ko da abinci ɗaya suke ci. Wanda ya yi sau biyu a ware shi a rage masa alfalfa.

Yaya ake gane mai kyau kafin a saya?

Kada a tsaya ga kallon bayan dami, domin rana takan koɗar da waje alhali ciki lafiya lau, wani lokacin kuma wajen ya yi shar ciki ya ruɓe. A ɓare dami a zira hannu can tsakiya. Mai kyau koriya ce, ganyenta yana manne da kara, idan ka damƙe ta tana da laushi ba ta soke tafin hannu, kuma tana ƙamshin busasshen ganye ba warin gumi ba. Idan ka girgiza ta ka ga farar ƙura tana tashi, funfuna ce. Idan ka ga fure da yawa ko ƙananan kwanson iri masu murɗewa, an makara wajen yanka. A duba kuma ko akwai ƙasa, ko baƙin ciyayi, ko guntayen waya da igiyar roba, waɗanda maraƙi zai iya haɗiyewa.

Duk da haka ido da hanci ba sa faɗin adadin furotin. Wanda zai sayi mai yawa ya kamata ya ɗebi samfuri daga tsakiyar dammai da dama, ya gauraya, ya kai ɗakin gwaji. A can ana auna naitirojin ne a ninka shi da 6.25 a fitar da furotin, a kuma auna danshi da yawan zaren da ke ciki, wato ɓangaren kara da ganye mai wuyar narkewa. Ya kamata a gwada ita ma ciyawar da za a haɗa da ita, domin lissafin rabo ba zai yiwu da gefe ɗaya ba.

Na samu wadda ta yi launin ƙasa-ƙasa, tana ƙamshi mai daɗi, shanu suna rububinta. Ba ta fi kyau ba?

A'a, wannan ta ƙone ne. Idan aka ɗaure alfalfa da sauran danshi, fiye da kashi 18 zuwa 20 a ƙananan dammai ko fiye da kashi 15 zuwa 16 a manya, sai ƙwayoyin halitta su ci gaba da aiki a ciki, damin ya ɗau zafi. Zafin yana haɗe furotin da sukarin da ke cikin ganyen su zama wani abu mai launin ƙasa da ƙamshin toyayyen sukari. Shanu suna son ɗanɗanonsa, amma wani kaso na furotin ɗin ya riga ya ɗaure, ba zai narke ba, kuma gwajin furotin na yau da kullum ba zai nuna hakan ba sai an nemi a auna wanda zafi ya lalata. Idan zafin cikin tari ya haura digiri 65 a ma'aunin Salshiyas, an shiga haɗarin gobara, domin tarin yana iya kamawa da wuta da kansa.

Mai funfuna kuwa a nisanta ta daga ƙananan shanu, tana rage musu ci kuma ƙurarta tana taɓa huhu.

Ance tana da kalsiyam da yawa. Illa ce ko amfani?

Kalsiyam da fosfaros sinadarai ne masu gina ƙashi. Alfalfa takan ƙunshi kalsiyam na kashi 1.2 zuwa 1.5, fosfaros kuwa kashi 0.2 zuwa 0.3 kaɗai, wato kalsiyam ya ninka fosfaros sau biyar ko shida. Shanu masu tasowa suna jure wa wannan tazara muddin fosfaros ɗin kansa ya wadatar. Idan ana ba su hatsi ko dusa, abin ya zama alheri, saboda su waɗannan suna da fosfaros da yawa da ƙarancin kalsiyam, sai alfalfa ta daidaita su, hakan kuma yana rage haɗarin tsakuwar mafitsara da take toshe fitsarin dandaƙaƙƙun maruƙa. Idan kuwa abincin alfalfa ne da busasshiyar ciyawa kawai, fosfaros ne zai yi ƙaranci, sai a zaɓi gishirin lasa mai fosfaros, a guji wanda aka cika da kalsiyam. Koriyar alfalfa tana kuma samar da sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A, sai dai yana raguwa da tsawon ajiya da dukan rana.

Wanne ya fi, alfalfa ko tunkuzar waken suya da ta angurya, ko yuriya?

Tunkuzar waken suya takan kai kashi 44 zuwa 48 na furotin, ta angurya kuwa wajen kashi 41 idan an cire ɓawo. Hanyar kwatantawa ita ce a duba kuɗin kilo ɗaya na furotin, a manta da kuɗin buhu ko na dami. Tan ɗaya na alfalfa mai kashi 18, bayan an cire danshinta, yana ɗauke da kimanin kilo 160 na furotin, tan ɗaya na tunkuzar waken suya mai kashi 44 kuwa yana ɗauke da kilo 440. Ke nan idan kuɗin tunkuzar bai kai ninki biyu da kashi uku cikin huɗu (2.75) na kuɗin alfalfar ba, furotin ɗin tunkuzar ya fi arha. Sai dai alfalfa tana zuwa da ƙarin abubuwa, zare da kalsiyam da bitamin, kuma tana maye gurbin wani ɓangare na ciyawa, abin da yake da daraja a shekarar da ciyawa ta yi wuya. Tunkuza kuma tana da fifikonta ga ƙaramin maraƙin da cikinsa ba ya ɗaukar abinci mai cika wuri.

Abu biyu na hattara: angurya da tunkuzarta suna da sinadarin gossypol, wanda yake cutar da maraƙin da tumbinsa bai nuna ba, yuriya kuwa ba furotin ba ce, sinadari ne mai ɗauke da naitirojin da sai halittun tumbi sun sarrafa shi, don haka ba a ba wanda bai kai wata 4 ba, kuma kuskuren awo kaɗan yana kisa. Alfalfa ba ta da waɗannan matsaloli biyu.

Kashinsu ya yi ruwa tun da na fara ba su. In daina?

Laushin kashi a kwanakin farko abu ne da aka saba gani, alama ce ta abinci mai saurin narkewa, kuma sau da yawa yana nuna cewa an yi gaggawar ƙarawa. A rage rabon, a ƙara ciyawa. Amma idan akwai jini, ko majina, ko zazzaɓi, ko maraƙin ya daina ci idanunsa sun faɗa, wannan ba alfalfa ba ce, a nemi likita.

Yaya za a rage asara wajen ciyarwa?

Ganyen alfalfa yana karyewa da zarar an taɓa shi da ƙarfi, kuma idan aka zuba ta a ƙasa, ganyen ne yake fara bin ƙura da kofato. A yi amfani da kwami mai rufaffen ƙasa wanda zai tare ɗurɓushin, a kuma rage yawan jujjuya dami. A ba kowane maraƙi fili na wajen rabin mita a bakin kwamin domin su ci lokaci ɗaya, in ba haka ba manya za su cinye rabon ƙanana, ƙarshenta mai ƙarfi ya kumbura, mai rauni ya rame, alhali lissafin takarda ya nuna kowa ya samu. Raba garke gwargwadon girma yana magance wannan. Wajen ajiya kuma a ɗaga dammai daga ƙasa, a rufe su daga ruwan sama da rana.

Akwai alfalfar da ake niƙawa a matse ta zama 'yan ƙwayoyi ko dunƙule, galibi mai kashi 17 na furotin. Tana da sauƙin awo da sufuri, ganyenta ba ya zubewa, amma da yake a niƙe take ba ta sa tuƙa yadda ya kamata, sai an haɗa ta da doguwar ciyawa.

Akwai wani ƙwaro da ake tsoro a cikinta?

Akwai, dangin hangara ne. Yakan taru a kan alfalfar da ta yi fure, kuma idan injin yanka ya murƙushe shi a ciki, gubar jikinsa mai suna kantaridin tana nan daram ko bayan ya mutu ya bushe. Dawakai ne suka fi mutuwa da ita, shanu sun fi juriya, amma tana iya ƙona musu baki da hanji. Damin da aka ga matattun ƙwarin a ciki a jingine shi.

Ta yaya zan san ko ƙarin yana aiki?

Da awon nauyi duk wata, da sikeli ko da tef ɗin auna ƙirji idan babu sikeli, a lokaci ɗaya na rana, kafin a ba su abinci. Karsanar da ake reno domin haihuwa ana son ta riƙa ƙara wajen rabin kilo zuwa giram 800 a rana, gwargwadon irinta, ta yadda za ta kai kashi 60 zuwa 65 na nauyin babbar saniya kafin a kai ta barbara. Alamomin da ake fara gani kafin sikeli ya nuna su ne ƙaruwar cin ciyawa, kashin da a da yake fita a bushe yana tsayawa tsibi ya koma mai laushi, da gashi mai kwanciya.

Idan wata biyu suka wuce ba a ga canji ba, kada a yi saurin ƙara alfalfa. A duba tsutsar ciki da kaska, domin su ne suke shanye furotin ɗin da aka biya kuɗinsa. A duba ruwa, tunda maraƙi mai kilo 200 yakan sha lita 15 zuwa 30 a rana gwargwadon zafi, kuma wanda ba ya samun isasshen ruwa ba ya cin busasshen abinci. A duba ko ciyawar ta yi ƙarancin kuzari har ana buƙatar ɗan hatsi. Sannan a koma ga alfalfar kanta, a ɓare dami, a auna ganye nawa ne a ciki, kara nawa.